SHIRUN DA YA RAYA WASAN METROID

Tun shekarar 1986 da kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da wasan bidiyon nan mai suna Metroid ake ta fitar da sababbinsa, alhali kuwa wasannin harbe-harbe da yawa na zamaninsa sun daɗe da shiga kwandon mantuwa. Abin da ya riƙe shi kuwa shi ne yadda yake sa mai wasa ya ji lalle shi kaɗai ne a baƙon wuri.

Jarumar wasan, watau Samus Aran, takan sauka a wata duniya ba abokin tafiya, ba mai nuna hanya. Hirokazu Tanaka, wanda ya tsara kiɗan na farko, da gangan ya rage kiɗa mai daɗin rerawa irin na sauran wasannin lokacin, ya gauraya kiɗan da ƙarar wurin.

A Super Metroid na 1994 ne abin ya nuna sosai. Jirgin Samus ya sauka a duniyar Zebes ana ruwa ana tsawa, ta gangara cikin kogo har ta iske kufan wurin da aka yi ƙazamin faɗan ƙarshe a wasan farko, babu abokin gaba ko ɗaya. Wanda ya taɓa komawa gidan da aka tashi daga cikinsa ya san irin wannan faɗuwar gaba. Haka kuma a Metroid Prime na 2002 ruwan sama yakan ɗiga a kan gilashin hular Samus, in wani abu ya fashe kusa sai fuskarta ta bayyana a gilashin, ta ɓace.

To, a 2010 aka fitar da Other M, aka cika shi da surutu. Samus ta yi ta bayyana abin da ke ranta, aka kuma ɗora mata kwamanda mai suna Adam wanda sai da izininsa take amfani da kayanta, har ta ratsa wurin wuta tana ƙuna don bai ba ta umurnin sa rigar kariya ba. Wannan kuskure ne babba, masu wasa kuwa ba su ɓoye fushinsu ba. Da Metroid Dread ya fito a 2021 an rage maganar, aka bar ƙarar mutum-mutumin da ke farautar Samus ta riƙa tsinka zuciya tun kafin a gan shi.