Wa ya ƙwace ƙuri'ar ɗan gidan yari?

'Yan uwa ɗalibai na Gidan Waya da na KASU reshen Kafanchan, ku ara mini kunne. Duk sanda aka buɗe rajistar katin zaɓe, mu ne kan gaba wajen cika Facebook da kiran a fito a yanka. Amma a cikin garin nan na Kafanchan akwai gidan yari, a cikinsa akwai 'yan Najeriya da suka haura shekara 18, kuma ba a taɓa kai musu akwatin zaɓe ba. Da ka tayar da maganar sai wani ya ce, "Haba malam, ɓarawo ne zai zaɓa mana gwamna?"

To mu buɗe Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 77(2) ya ce duk ɗan ƙasa da ya kai 18 kuma yake zaune a Najeriya yana da haƙƙin a yi masa rajista. Sashe na 132(5) ya ce mai rajista yana da haƙƙin zaɓen shugaban ƙasa. Ku duba da kyau, babu inda aka cire wanda ke tsare. Sashe na 36(5) kuwa ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali na 2025 sun nuna akwai mutum sama da 80,000 a tsare a faɗin ƙasar nan, kusan biyu cikin uku jiran shari'a suke yi. Ke nan yawancin waɗanda kake kira ɓarayi, ko alƙali bai kira su da wannan suna ba.

Kuma fa kotu ta riga ta yi magana. A Disambar 2014, Babbar Kotun Tarayya da ke Benin, ƙarƙashin Mai Shari'a Mohammed Liman, ta yanke wa wasu fursunoni biyar da suka kai ƙarar INEC hukuncin cewa suna da 'yancin zaɓe. A Disambar 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake tabbatarwa. Aka yi zaɓen 2019, shiru. Aka yi na 2023, shiru. INEC ta ce tana jiran Majalisa ta fayyace doka. Wai hukuncin kotu biyu bai isa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu 'yan Kaduna mun fi kowa sanin yadda tsarewa take. A Fabrairun 2019, bayan rikicin Kajuru, an kama dattawan Adara, suka shafe sama da wata uku a tsare, daga ƙarshe aka sallame su ba tare da an same su da laifi ba. Zaɓen gwamna na 9 ga Maris ya wuce suna ciki. Sheikh Ibrahim Zakzaky, ko kana son sa ko ba ka so, yana tsare tun Disambar 2015 har Yulin 2021 da Babbar Kotun Kaduna ta wanke shi. Kirista da Musulmi, ƙofa ɗaya aka rufe musu. In dai tsarewa kaɗai ta isa ta raba mutum da ƙuri'arsa, to mai ikon kamawa ya samu ikon rage masu zaɓe, ba tare da ya je gaban kowane alƙali ba. Kuma kun san yadda ake kame in an yi hargitsi, mota ce ke zuwa unguwa ta kwashi duk saurayin da ta tarar. Ɗalibin da ya fito sayen burodi ma bai tsira ba.

Ga kuma abin dariya. A 2003 Iyiola Omisore ya ci kujerar sanata daga Osun yana tsare a gidan yarin Agodi. Wato daga ciki za a iya zaɓen ka, amma kai ba za ka iya zaɓe ba. Babba ya ci kujera, talaka ko dangwale an hana shi.

Na san za a ce gandurobobi za su tilasta musu su dangwala wa jam'iyya mai mulki. Damuwa ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Amma a waje ma ana sayen ƙuri'a da taliya da atamfa, ba mu ce a soke zaɓe ba. Maganin shi ne a bar wakilan jam'iyyu da masu sa ido su shiga, a ƙirga a gabansu. In kuma batun wahalar aiki ne, INEC ta shirya wa 'yan gudun hijira zaɓe a Borno a 2015, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram. Ɗan gidan yari kuwa ba ya zuwa ko'ina, sunansa na cikin littafi, kullum ana ƙirga shi. Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu ta warware wannan tun 1999, fursunonin Kenya kuma sun zaɓi shugaban ƙasa a 2017.

Lokacin kamfe 'yan takarar sanatan Kaduna ta Kudu da na majalisar wakilai za su zo neman ƙuri'ar ɗalibai. Kafin shugabannin ƙungiyoyinmu su karɓi hula da riga, wani ya miƙe ya tambaye su ko za su sa hannu a gyaran Dokar Zaɓe da zai kai rumfa gidan yarin Kafanchan. A ɗauki amsar a waya, a ɗora mana a nan.