Tsohon Rumbunka Yana Hannun Wa?

"Ni marubuci ne, ba injiniya ba." Da wannan maganar za mu yi dambe a wannan makon, domin ta cinye littattafan da ba za su ƙirgu ba, alhali masu faɗarta suna ganin tawali'u suke yi.

Ga yadda abin yake faruwa, kuma duk wanda ke zaune tsakanin Babban Giji, Gyadi-Gyadi da Tarauni ya ga irinsa. Mutum yana da kwamfutar girke tokumbo a ɗaki, a cikinta yake rubutu shekara uku. Wata rana ta fara nauyi, tana wani ƙas-ƙas kamar ɓera a cikin kwali, daga baya ta ƙi tashi. Sai ya ɗora ta a adaidaita sahu zuwa wajen mai gyara a Court Road ko Farm Centre. Mai gyara ya saurara ya ce had-dis ne, wato rumbun da kwamfuta ke ajiye komai a ciki. A sa sabo, a zuba sabon Windows, na'ura ta dawo tana gudu, marubuci ya biya yana godiya. Sai ya isa gida ya tuna da babi arba'in. Tsohon rumbun kuwa yana can cikin durowar shago tare da 'yan uwansa, ko ma an riga an goge shi an sayar wa wani.

Ba ma ganin laifin mai gyara. An kawo masa kwamfutar da ba ta tashi, ya tashe ta, aikinsa ya ƙare. Bai san Hajara da Mudassir ɗin da kika kwana kina haɗa su kina raba su ba, kuma ba wanda ya biya shi don ya sani. Laifin yana wajen wanda ya miƙa rumbunsa ya juya baya. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. To mu marubuta a ina muka ji ana sayen tokar labari?

Abin haushin shi ne aikin da ake tsoron nan bai kai ɗaura zip a riga wuya ba. Ka kashe kwamfuta, ka zare wayar wuta daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki. Sukurori biyu ne galibi ke riƙe murfin gefe. Idan ka buɗe za ka ga rumbun, ƙarfe ne mai faɗin tafin hannu, wayoyi biyu ne kacal a jikinsa: siririya mai ɗaukar bayanai da ake kira SATA, da mai faɗi ta wuta. Kowacce bakinta ɗaya ne, ba ta shiga a juye. Ka zura sabon a gurbinsa, ka ɗaure, ka jona wayoyin, ka rufe. Wanda ya iya riƙe zaren labari mai taurari ashirin ba tare da ya manta wace ce kishiyar wa ba, wayoyi biyu ba za su gagare shi ba.

Inda ake asarar kuwa ba a sukudireba yake ba, a kalma ɗaya yake: fomat. Sabon rumbu sai an yi masa fomat kafin ya karɓi ajiya, kuma fomat share fage ne. Idan rumbuna biyu suna jone lokacin da ake zuba Windows, kuskuren danna layi ɗaya ya isa a share tsohon maimakon sabon. Don haka a cire tsohon gaba ɗaya tukuna, a gama da sabon, sannan a dawo da tsohon a matsayin na biyu, ko a saya masa 'yar riga mai wayar USB a riƙa jona shi kamar filas. Sau da yawa rumbun da ya kasa tayar da Windows yana iya buɗuwa a kwashe fayilolin da ke ciki. Amma idan ya fara wannan ƙas-ƙas ɗin, a daina kunna shi ana gwadawa. A cikinsa akwai faifai masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura mai shawagi a samansu ba tare da ta taɓa su ba. Ƙarar nan alama ce ta cewa allurar ta rikice, kuma kowane kunnawa na iya ƙara kankare abin da ya rage. Irin wannan na'urar ce muke ajiyewa a ƙasa kusa da ƙofa, ƙurar hunturu tana toshe mata fanka, zafin Afrilu yana gasa ta, a ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu, a tayar da janareta ta sha wani bugun. Mai hali ya sayi SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Sai dai shi ma yana mutuwa, kuma shi ba ya ma yin ƙarar gargaɗi.

Akwai wani tarko da ya shafe mu mu kaɗai masu rubutun Hausa. Kafin haruffa masu lanƙwasa su samu gurbi a kowace waya, da yawa sun yi rubutu da samfurin haruffan Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Fayil ɗin da aka buga da su, idan aka buɗe shi a sabon rumbun da babu su, sai ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su koma wasu alamomi. Wanda ya gaji tsofaffin fayilolin yayansa ko malaminsa, ya kwashe har da haruffan.

Mun san amsar da za ta cika sharhi: "Ai ni a waya nake rubutu, komai nawa yana intanet." Madalla. OkadaBooks ma a intanet yake, marubutan Hausa da yawa sun zuba littattafansu a can, ya rufe a ƙarshen 2023. Zaurukan Yahoo, inda marubuta da 'yan fim suka tafka muhawara a farkon shekarun 2000, an kwashe abin da ke cikinsu a 2019, aka rufe su a 2020. Zanen aro ba ya rufe katara. Ita kuwa waya, 'yan Kano ba sa bukatar a yi musu bayanin yadda take barin hannun mai ita a bakin titi. Littafin da ke WhatsApp kaɗai, yana hannun duk wanda ya riga ka kwafa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi ɓata ciwo, wato sata. Goge fayil ba ya fitar da shi daga rumbu, sunansa kawai ake cirewa daga jeri, kuma akwai manhajojin da ke dawo da shi. Rumbun da ka bari a shago yana ɗauke da littafin da ba ka fitar ba, da hotunan iyalinka, da takardunka. A zamanin da ake karanta littafin mutum a YouTube ba da izininsa ba, ko a canja sunan taurari a ce sabo ne, wa zai tsaya maka shaida cewa kai ka fara rubutawa? Tsofaffin kwafe masu kwanan wata, tun daga babin farko mai cike da gyare-gyare, suna cikin hujjojinka. Su ne ka bari a durowa.

Magabatanmu ba su yi wannan sakacin ba. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Nana Asma'u sun iso mu ne domin almajirai sun kwafa da hannu, kwafi ya tafi wani gari, wani ya shiga gafaka, irin su Waziri Junaidu suka tattara a Sakkwato. Ko a 2007 da aka ƙona littattafan hikaya a Kano, labaran ba su mutu ba, domin kowanne yana da 'yan uwa a ɗakunan mata da shagunan haya. Littafin da ke rumbu ɗaya tilo ba shi da ɗan uwa. Kuma ba wuri ne ya yi ƙaranci ba: labari mai kalmomi 100,000 da kyar yake cika megabait 1, rumbu mai gigabait 500 zai haɗiye irinsa kusan dubu 500. Kwafi uku muke nema ga kowane littafi, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filas ko wani rumbun da ke kwana a wani gidan daban, ɗaya a imel ɗinka.

Wanda duk da haka ya ce shi ba zai taɓa sukudireba ba, mun yarda, ya kai wa mai gyara. Amma ya ja benci ya zauna a wajen, ya faɗa tun kafin a kwance sukuru na farko cewa akwai rubutu a ciki, kar a yi fomat. Idan an ce a bar tsohon a rage masa kuɗin aiki, ya ce a'a, ya biya cikakke, ya sa tsohon rumbunsa a aljihu ya tafi da shi gida.