Katin Gana da Mutanen Zango

Jama'ar zango, ina so mu dubi maganar Ghana Card da idon basira. Tun 1 ga Yuli 2022 banki ba ya karɓar wata shaida sai wannan kati, layin waya ma sai da shi. Wanda aka hana shi kati an ɗaure masa hannu ke nan.

Sau da yawa in ɗan zango ya je rajista sai a ce, "Ina garinku na asali?" In ya ce Nima ko Salaga, a ce ya faɗi na gaskiya. Alhali kakanninmu suna fataucin goro a Salaga tun ba a raɗa wa ƙasar nan suna Gana ba. Tsarin mulkin 1992 bai tambayi kabila ba. Cewa ya yi wanda aka haifa bayan kafa shi, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. To, amma a 2020 Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba ta isa shaida ba, ga shi kuwa tsofaffinmu ba su ajiye takardu ba.

Waɗanda suka ga korar baƙi ta Busia a 1969, da wa'adinta na kwana 14, har yau suna tsoron ofis. Ban ga laifinsu ba, sai dai ɓuya ba ta ba da kati. Ina roƙon sarakunan zango da limamai su buɗe littafi, su rubuta kowane gida da asalinsa tun dattawan da suka sani suna raye. Duk tsohuwar da za ta je rajista kuma a haɗa ta da mai karatu.