Hawa Da Gangarar Kano Pillars: Wa Ke Tura Masu Gida Rami?

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama majalisar mai shayi a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun ran da Kano Pillars ke wasa, ya san cewa kulob ɗin nan ba na Kanawa kaɗai ba ne. Bakatsine da Basakkwace da Bazazzagi, in dai zaman Kurmi ya haɗa su, za ka ji bakinsu ya zo ɗaya, kowa na cewa "Sai Masu Gida." Saboda haka in na ɗauko tarihin hawa da gangarar kulob ɗin, zancen gida nake yi muku. Abin da nake so in nuna kuwa shi ne, faɗuwar da Pillars ta yi ta baya-bayan nan ba abokan gaba suka kayar da ita ba, masoyanta ne, kuma in ba a yi hattara ba za su sake.

Bari mu faro daga tushe. Kano ba baƙuwar tamaula ba ce. Tun a 1953 'yan wasan Kano suka zo Ikko suka ɗauke Kofin Gwamna, a 1978 kuma Raccah Rovers ta Kano ta zama zakarar Nijeriya. To, ina Raccah Rovers yau? Sai dai a bakin dattawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa suna ba ya riƙe kulob.

A 1990, shekarar da aka soma gasar ƙwararru a ƙasar nan, aka haɗa kulob uku na Kano, watau WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka yi Kano Pillars. Shekarun farko ba su zo da sauƙi ba. Kulob ɗin ya sha zaman rukuni na biyu, inda ake wasa a filayen da ba ciyawa, ba 'yan kallo, ba mai buga labarinka a jarida. Sai a 2001 ya ci gasar wannan rukuni ya hau na ɗaya, ya kuwa zauna daram har shekara 20.

Cikin shekarun nan ne aka ga abin da ba a taɓa gani ba a Arewa. A 2008 Pillars ta zama zakarar Nijeriya a hannun mai koyarwa Kadiri Ikhana. A 2009 ta shiga gasar zakarun Afirka, ta haɗu da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin a lokacin. Aka tashi 1 da 1 a gida, aka je Alƙahira aka tashi 2 da 2, Pillars ta wuce saboda ƙwallayen da ta ci a waje. Ba a tsayar da ita ba sai a wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta fitar da ita. A 2010 wani yaro, Ahmed Musa, ya jefa ƙwallo 18 a raga cikin kaka ɗaya, daga nan Turawan Holan suka ɗauke shi. Sa'an nan aka ci gasa sau uku a jere, 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi. A 2019 aka ƙara da kofin ƙalubale, bayan an doke Niger Tornadoes da bugun fanareti a Kaduna.

Ku lura da sunayen nan da kyau. Ikhana da Emordi mutanen Kudu ne. Haka mai tsaron gida Theophilus Afelokhai, haka marigayi Chinedu Udoji, wanda ya rasu a haɗarin mota a Kano a 2018 yana ɗan wasan Pillars. Sa'ad da 'yan fashi suka buɗe wa motar kulob ɗin wuta a hanyar Lakwaja cikin watan Maris na 2015, harsashi bai tambayi wane ne Bahaushe, wane ne Ibo ba. Ashe girman Masu Gida da gumin baƙi aka gina shi.

To, ina aka samu tangarɗa? A ganina, daɗin nasara ne ya haifi cutar. Daga 2003 har zuwa watan Agusta na 2015, shekara 12 cur, ba kulob ɗin da ya ci Pillars a gida a wasan gasa, sai da Nasarawa United ta zo ta yi mata 2 da 1. Abin alfahari ne, ba shakka. Amma yaron da ya tashi cikin shekarun nan ya girma bai san cewa ana cin mai gida a gidansa ba. A wurinsa ko kunnen doki cin mutunci ne, kuma in aka tashi haka, to, lalle alƙalin wasa ne ya ci kuɗi.

Mutanen Ikko ba sa bukatar a ba su labari, gama a gabansu aka yi. Cikin watan Yuni na 2019, a filin wasa na Agege, aka tashi 1 da 1 da Rangers ta Inugu, sai waɗansu magoya baya suka tsallako fili suka bi alƙalin wasa da jifa. Aka ci kulob ɗin tarar miliyoyin naira. Ba a ɗauki darasi ba. Cikin watan Afril na 2022, bayan an daɗe ana wasan gida a Kaduna, aka dawo filin Sani Abacha aka karɓi Katsina United. Maimakon murnar dawowa gida, sai wasa ya watse da rikici, aka farfasa motar Katsinawa. Hukumar gasa ta cire wa Pillars maki 3, ta kore ta zuwa Abuja. Cikin watan Yuni kuma wani babban jami'in kulob ɗin ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu a wasa da Dakkada, aka sake cire maki 3. Da kaka ta ƙare a watan Yuli, Pillars ta gangara rukuni na biyu tare da Katsina United da Heartland da MFM ta Ikko. Maki 6 wasa biyu ne cur da 'yan wasa suka ci da guminsu, wasu suka zubar da hannunsu. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Allah ya taimaka zaman bai yi tsawo ba. A 2023 aka je Asaba aka yi wasannin neman hawa, Pillars ta dawo rukuni na ɗaya. Kowa ya ce ai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ina! Cikin watan Oktoba na 2025 Shooting Stars ta Badun ta je Kano, ta farke ƙwallo ana dab da tashi, aka yi 1 da 1. Nan take aka afka fili, aka bi alƙalai da 'yan wasan baƙi da duka. Sakamako: an cire maki 3, an ci tara, an rufe filin, an tura wasannin gida Katsina. Hanyar da ta kai kulob ɗin rami a 2022, ita aka sake ɗauka.

Wani zai ce, ai alƙalan wasa ma suna da nasu laifin. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya san ƙwallon ƙasar nan da zai musa. Amma akwai hukumar da ake kai ƙara, kuma ba a taɓa jin an mayar wa kulob maki don magoya bayansa sun fasa kan alƙali ba. Cirewa ake yi. Wani kuma zai ce a Kudu ma ana yi. Ana yi, amma laifin wani ba ya wanke naka.

Gangara ita kanta ba mutuwa ba ce. Ku da ke zaune Badun kun ga Shooting Stars, wadda ta fara kawo wa Nijeriya kofin Afirka a 1976, ta faɗi a 2017, ba ta dawo ba sai 2021. Kulob yakan faɗi don 'yan wasa sun tsufa ko kuɗi sun yanke, wannan kowa ya san maganinsa. Wanda ke da wuyar magani shi ne kulob ɗin da masoyansa ke cire masa maki.

Akwai kuma abin da ya shafe ku kai tsaye. Yaron da ya yi jifa a Ƙofar Mata gidansu zai koma ya kwanta. Kai da ke sayar da tumatir a Mile 12, ko shanu a Bodija, kai ne za ka wayi gari cikin mutanen da aka doki 'ya'yansu, kai za a nuna wa hoton a ce ga halinku. A Kano mu ne masu gida, a nan kuwa mu ne baƙi, kuma yadda muka riƙe baƙonmu can, haka za a auna mu a nan.

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Kano, mai kulob ɗin, da ta gyara shingen fili, ta sa 'yan sanda isassu, duk wanda aka kama ya tsallaka a kai shi gaban alƙali na sosai, kome gatansa. Shugabannin magoya baya sun san yaran nan da sunansu da unguwarsu, su daina rufa musu asiri. Ku kuma, ran da Pillars ta zo Ikko ko Badun ko Aba, ku cika fili, ku kaɗa kalangu, in an ci mu ku tafa wa wanda ya ci, ku koma kasuwa da mutuncinku. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Raccah Rovers ma ta taɓa zama zakara.