Kafin Ka Sayi Sabon Batir, Ka Auna: Matsalar Akori-Kura Mai Ƙin Tashi da Safe

Yau za mu ɗan ajiye waya mu leƙa mota. Na san wani zai ce, kai mai gyaran waya, me ya haɗa ka da inji? Wuta ce ta haɗa mu. Mitar da nake auna batirin waya da ita, ita ce dai ke auna na mota. Kuma cutar da nake gani a shagona ita ce a wajen masu mota: a sayi kaya tun ba a san abin da ya lalace ba.

A hunturun bara, kawuna da ke ɗaukar dawa da masara daga ƙauyukan Dabai da Ribah zuwa nan Zuru ya sha wahala da tsohuwar Hilux ɗinsa mai amfani da gas. Da asuba sai ta yi ta gurnani ta ƙi tashi, sai an tara yara an tura. Da rana kuwa bugu ɗaya ta kama. Wani ya ce masa batir ne, ya cire kuɗi ya sayo sabo. Kwana biyu, ga ta nan jiya i yau. Lodi ya wuce shi sau biyu, kuma lokacin kaka ne, lokacin da mai akori-kura ke samun na shekara.

Na ce, "Kawu, ku bari in zo da mita kafin ku ƙara kashe ko sisi." Ga abin da muka bi, kai ma za ka iya.

Na farko, ka ɗauki bidiyo da wayarka. Wannan ciwon na safe ne. Kafin ka kai motar gareji inji ya yi zafi, bakanike ba zai ga komai ba sai ya yi ta canka. Ka ɗauki ƙarar injin, da fitilun gaban direba, da hayaƙin salansa.

Na biyu, ka saurari ƙarar. In ka murɗa makulli ka ji "ƙas-ƙas" ko inji na juyawa a kasalance, matsalar wuta ce: batir, kan batir, ko kik. In kuwa yana juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, to ka ƙyale batir, laifin na wani wuri.

Na uku, ka auna. Ka sa mita a DC 20, ja a kan alamar tarawa, baƙi a kan ta ɗebewa. Batirin da ya kwana da cikakken caji zai nuna wajen 12.6. In ya nuna 12.2, rabin caji ke nan. Sai wani ya murɗa makulli kana kallo: in ya faɗi ƙasa da 9.6, batirin ya gaji. Bayan ta tashi kuma ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.4. In ba ka gani ba, altaneto ne ba ya caji, kuma ko sabon batir ka sa zai kashe shi. Ka duba kan batirin ma. Farin garin nan da ke taruwa a kai yana tare wuta kamar yadda datti ke toshe bakin cajin waya. Ka fara cire baƙin waya, ka wanke da ruwan zafi da 'yar kanwa, ka ɗaure tam.

Motar kawu ta ci duk wannan jarrabawar. Har tsohon batirin da aka ajiye muka auna, lafiyarsa ƙalau. Abin da bidiyon ya nuna shi ne farin hayaƙi mai warin gas. Injin gas ba shi da filogi mai tartsatsi irin na fetur, zafin matse iska ne ke kunna man. Da sanyin asuba ƙarfe na shanye zafin nan, shi ya sa aka sa masa hita a kowace silinda. Mai rewaya ya auna hitocin guda 4, ya samu 2 sun mutu. Lafiyayyar hita takan nuna wajen om 1, matacciya ba ta nuna komai. Aka canja su, kuɗin bai kama ƙafar na batir ba. Na kuma roƙi kawu ya riƙa jira fitilar nan mai kama da nannaɗaɗɗiyar waya ta mutu kafin ya tayar.

In hitoci lafiya suke, ka danna ɗan famfon da ke kan matatar gas. In ya yi laushi, sai ka danna da yawa kafin ya yi tauri, to iska na shiga bututu cikin dare, man na komawa tanki.

Masu sabbin motoci, akwai 'yar na'ura ELM327 da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, ta turo wa wayarka lambar matsala ta Bluetooth. Amma tsoffin motocin gas da yawa ba sa magana da ita, kar ka yi asarar kuɗinka.

Abu ɗaya nake roƙo: a daina hura wuta ƙarƙashin inji ko zuba fetur a hanyar iska don mota ta tashi. Mota ta ƙi tashi ya fi mota ta kama da wuta.

Ba cewa nake ka zama bakaniken kanka ba. Masu garejinmu sun san aikinsu, wani da kunne kaɗai zai gane ciwo. Amma duk wanda ya ce maka "sayo kaza", ko ni ne a kan wayarka, ka tambaye shi cikin ladabi: "Malam, me ka auna?" Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, zai nuna maka lambar.

Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema.