A ƙirga mu, a ba mu haƙƙinmu

Jama'ar karkara, manoma da makiyaya, iyaye mata da matasa, ku ba ni aron kunnuwanku!

Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun shekarar 2006, lokacin da aka ce mun kai miliyan 140. Yarinyar da aka raɗa wa suna a waccan shekarar yau ta isa aure, wata ma tana goyo. An sa ranar sabuwar ƙidaya a 2023, aka ɗage. Saboda haka duk ajin makaranta da za a gina, duk rijiyar burtsatse, duk allurar rigakafi da buhun taki da za a turo gundumarku, da kintace ake auna su. Kintacen mutumin da ke zaune a ofis kuwa ba ya kaiwa rugar da ke bayan dutse, ko unguwar da damina ke yanke wa hanya.

Na san inda tsoron ya samo asali. Kakanninmu sun ga zamanin da mai unguwa ke bi gida gida yana rubuta magidanta domin haraji, ana bin shanu domin jangali, har uba kan ɓoye ɗansa da ya balaga, Bafulatani ya kora garkensa daji cikin dare. Wanda ya ga wannan ba za a zarge shi da gudun mai alƙalami ba. To amma wancan zamani ya wuce. Tun 1979 gwamnatin Abubakar Rimi a Kano da ta Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Yau yawan jama'a na cikin ma'aunin da ake raba kuɗin tarayya da shi tsakanin jihohi da ƙananan hukumomi 774. Duk wanda ya ɓoye kansa yanzu, tuwon 'ya'yansa ya miƙa wa wani.

Ranku ya daɗe hakimai da dagatai, wannan aiki naku ne tun asali. Kada mu zauna jiran Abuja. Kowane mai unguwa ya buɗe littafi: wa aka haifa, wa ya rasu, wa ya tare, wa ya yi ƙaura, yara nawa suka isa shiga makaranta. Liman da ke raɗa suna ya tuna wa uban jariri ya je ya karɓo takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ungozoma ta tuna wa mai jego. Kuma a rubuta mata da 'yan mata kamar yadda ake rubuta maza, domin kunyar faɗin sunan ɗan fari ko na matar gida ba ta kai asarar asibitin haihuwa ba.

Sannan a ɗauki littafin nan a tafi da shi sakatariyar ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta a ɗora musu kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Hukunci ba ya aiwatar da kansa, sai an bi shi da ƙafa. Ciyaman ɗanku ne, kansila kuwa kun san ƙofar gidan ubansa. Ku tambaye su cikin ladabi, amma ba da rawar murya ba: nawa ya shigo a watan nan? Me aka yi da shi? Ga yaranmu a rubuce, ina malamansu? Ga masu ciki a rubuce, ina ma'aikaciyar jinya?

Matasa masu ilimi, ku ne 'yan rakiyar mai unguwa, ku riƙe masa biro. Ranar kasuwa mai zuwa a sa sanƙira ya yi shela. Bayan sallar Juma'a a zauna a ƙofar gidan dagaci, a raba unguwanni da rugage, a fara rubutu daga gidan farko.