Unguwar Da Ba Ta Cikin Taswira

Duk wanda ya taɓa neman gidan wani a Zangon Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Badun ya san yadda ake kwatance. A ce masa ya wuce masallaci, ya karya dama wajen mai shayi, sa'an nan ya tambayi masu yankan farce. Wannan kwatance yakan kai baƙo har ƙofar ɗaki, amma ba ya kai motar kashe gobara, ba ya kuma kai ma'aikacin da ke zaune a ofis yana tsara inda za a kai famfo da makaranta. Shi ma'aikacin nan a yau taswirar kwamfuta yake dubawa, abin da bai gani a cikinta ba kuwa, a wurinsa babu shi.

Taswirar kwamfuta ta sha bamban da wadda aka saba gani rataye a bangon makaranta. Ana fara ta da hoton ƙasa wanda aka ɗauka daga jirgin sama ko tauraron ɗan'adam. A kan hoton sai a ɗora hanyoyi, a ɗora magudanan ruwa, a ɗora gidaje da asibitoci da kasuwanni, kowanne da bayaninsa. Da an gama, ana iya tambayar kwamfuta gidaje nawa ne suka yi nisa da ɗakin shan magani, ko waɗanne lunguna ne ruwa zai ci idan damina ta yi ƙarfi, ta ba da amsa nan take.

Mutanen Arewa sun riga sun ga amfanin abin a gida. A da, masu allurar shan inna da taswirar da suka zana da hannu suke aiki, ana ta tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka ba tare da an sani ba. Daga 2012 aka shiga zana taswirar garuruwa da hotunan tauraron ɗan'adam a Kano da sauran jihohin Arewa, aka kuma ba ma'aikata wayoyi masu nuna inda suka taka da inda ba su taka ba. Sai ga wurare sun bayyana waɗanda ba su cikin lissafin kowa. A 2016 aka ga ƙarshen ainihin ƙwayar cutar a Jihar Borno, ran 25 ga Agusta 2020 kuma aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ba taswira kaɗai ta yi aikin ba, amma ba don ita ba da yara da yawa ba a kai gare su ba.

Ilmin wannan aiki bai yi wa ƙasar nan ƙaranci ba. Tun 1972 aka kafa cibiyar koyar da safiyo daga sama a harabar Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira AFRIGIST, ɗalibai na zuwa cikinta daga ƙasashen Afirka dabam-dabam. Akwai Makarantar Safiyo ta Tarayya a Oyo, akwai sassan koyar da wannan fanni a Jami'ar Legas da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Nijeriya ta harba tauraronta na farko mai ɗaukar hoton ƙasa a 2003. Da yake tun 2006 ba a sake ƙidayar jama'a ba, masanan Jami'ar Southampton ta Ingila da Jami'ar Columbia ta Amurka sun haɗa hannu da hukumomin ƙasar nan a shirin GRID3, suna ƙiyasta yawan mutane ta hanyar duba gine-gine a hoto.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ƙananan hukumomi. Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 aikin sa wa tituna suna, da ba gidaje lamba, da kula da kasuwanni da tashoshin mota. Duk waɗannan ayyukan taswira ne. Amma waɗanda suka yi nisa a harkar manyan gwamnatoci ne: Abuja ta kafa AGIS a 2003, Kaduna ta yi dokar KADGIS a 2015, ƙarfinsu kuwa ya fi karkata ga takardun fili da kuɗin shiga. A Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Shugaban ƙaramar hukumar da ke neman wannan haƙƙi, ya kamata ya fara sanin lungu nawa ne a ƙasarsa.

Abin ya fi shafar baƙi mazauna Kudu. Sabo ta Badun tun 1916 take, ta ga jikoki da tattaɓa kunne, amma unguwanni da yawa da suka biyo bayanta a gefen kara da kasuwannin gwari sun tashi ne ba lamba ba suna. Mazauna Legas ba su manta da Maroko ba, inda a Yuli 1990 aka ba jama'a wa'adin kwana 7, katafila ta share matsugunin mutane wajen 300,000, akasarinsu kuma ba su sami madadi ba. Mutanen Makoko, waɗanda rusau ya taɓa a 2012, sun ɗauki darasi. A 2019 samarinsu da 'yan matansu, da taimakon ƙungiyar Code for Africa, suka bi unguwarsu cikin kwalekwale da waya a hannu, suka sa makarantu da wuraren ibada da na shan magani a taswirar da kowa ke iya gani. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dole ne a faɗi gaskiya: taswira ba takardar mallaka ba ce. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, shiga taswira kuma ba ya hana rusau. Haka nan taswirar da ta nuna wa hukuma inda za ta kai famfo, ita za ta nuna mata inda za ta aika mai karɓar haraji. Wannan ne ke sa wasu su gwammace zaman ɓoye. To, amma baƙo a Kudu ya daɗe yana biyan kuɗin rumfa da na tasha da na shara, rasit ko ba rasit. Ɓuyan bai rage masa ko kwabo ba, sai dai ya hana shi abin nunawa ranar da zai tsaya gaban hukuma ya ce ga yawan mutanensa, ga shekarun da suka yi, ga abin da suka rasa.

Saboda haka ya wajaba sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su tashi tsaye. Su je ƙaramar hukuma a rubuce su nemi a sa wa lungunansu suna, a ba gidaje lamba, su kuma ajiye kwafin takardar. Su tuntuɓi sassan safiyo da na labarin ƙasa a jami'o'in da ke kusa, gama kowace shekara ɗalibai na neman wurin da za su yi aikin kammala karatu. Su haɗa ɗaliban da samarin unguwa, tun da mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Sharaɗi ɗaya kada a sassauta: abin da aka zana a bar wa unguwa nata kwafin, kuma kada a sa sunan kowa ko ƙabilarsa a kan gida, domin taswira irin wannan in ta faɗa hannun ɓata-gari ranar tashin hankali, illa ce.

Su kuma jami'o'i, bai kamata aikin ɗalibansu ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura ba, alhali sakatariyar ƙaramar hukuma na nan kusa ba ta da taswirar ƙasarta. Allah ya sa masu abin su ji, su yi tun kafin katafila ta iso.